Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Aikin Fasto a Kwarin Rima

Tun da aka kafa Jihar Kebbi ran 27 ga Agusta, 1991, ikilisiyoyinmu na Birnin Kebbi da Argungu suka canza kama. Ma'aikatan gwamnati, 'yan sanda, malaman asibiti da 'yan kasuwa suka yi ta zuwa. A benci ɗaya sai ka ga Badakkare daga Zuru, da Bayarabe, da mutumin Kudancin Kaduna. Abin godiya ne ga Ubangiji, amma kaya ne mai nauyi a kan fasto.

Mu malamai mun san wahalar aji mai cunkoso, amma muna da ƙararrawar tashi. Fasto ba shi da ita. Ran Lahadi ya yi wa'azi da Hausa, ya sāke da Turanci. Cikin mako ga ajin baftisma, ga gaida marasa lafiya, ga sulhunta ma'aurata, ga jana'iza. Dattijon da ya yi shekaru yana horarwa, rana ɗaya sai takardar canjin wurin aiki ta ɗauke shi, a koma neman wani.

Na ƙauyukan fadama kuwa, tasu ta fi tsanani. A daminar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar nan. Manomin da bai girbe ba, me zai sa a kwanon baiko? Daga kwanon nan albashin fasto yake fitowa, kuma ƙofarsa ce mabukata suke fara ƙwanƙwasawa.

Akwai kuma zaman tare. Yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne, a ƙasar Sarkin Gwandu da ta Sarkin Kabi. Fasto ne yakan je barka da Salla da ta'aziyya a madadinmu. Magana ɗaya ta ganganci daga bagadi tana iya rushe zumuncin shekaru. Aikin nan yana bukatar mutum mai ilimi, mai haƙuri, wanda gajiya ba ta ci ƙarfinsa ba.

To, ina mafita? Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba. A Fitowa sura 18, Yetro ya shawarci Musa ya raba aikin shari'a da amintattun mutane. A Ayyukan Manzanni sura 6, aka zaɓi mutum bakwai su kula da rabon abinci, domin manzanni su ci gaba da addu'a da koyarwa. Haka kakanninmu cikin bangaskiya suka yi. Da Baibul na Hausa ya fito a 1932, manoma da magina suka koyi karatu, suka shiga ƙauyuka da shi. Sa'ad da aka kafa ECWA a 1954, irin waɗannan masu bishara ne ginshiƙanta.

Saboda haka, 'yan'uwa, bari dattawa su raba ziyara unguwa unguwa. Bari Zumuntar Mata da matasa su riƙe nasu fannin. A biya fasto haƙƙinsa a kan lokaci, a bar masa rana ɗaya ya huta da iyalinsa.

Ku kuma ɗalibanmu, musamman 'yan FCS, kada hutu ya wuce ba ku koyar a Makarantar Lahadi ba. Iyaye, in yaro mai ƙwazo ya ce zai tafi makarantar Baibul, kada a ce masa asara ce. In dukan masu ƙoƙari sun tafi likitanci da lauyanci, wa zai yi kiwon jikokinmu? Fastocin gobe suna zaune a azuzuwanmu yau, suna kuma lura da yadda ake riƙon fastocin yanzu.

Ubangiji ya tā da ma'aikata domin gonarsa. Amin.