Motar Alhaji Da Burtalin Garinmu

Duk wanda ya daɗe yana karanta littattafanmu na soyayya ya san wani shafi da kusan kowane marubuci sai ya rubuta irinsa. Dalleliyar mota za ta tsaya a ƙofar gida, baƙin gilashi ya sauka a hankali, sanyi da ƙamshi su bugi yarinya, ta shiga ta nutse cikin kujerar fata. Daga nan mai karatu ya gama gane wanda za a ba aurenta. A finafinai ma haka abin yake, domin kafin jarumi ya buɗe baki, kyamara ta riga ta zagaye motar da furodusa ya aro daga wani gida a Nasarawa ko Bompai.

Ni dai mutumin karkara ne, daga wani ƙauye da ke tsakanin Dambatta da Makoɗa, kuma ina son mota ƙwarai. Saboda haka kada a ɗauka hassada ce ta sa ni wannan rubutu. Wallahi duk wanda ya taɓa zama a gidan baya na babbar Marsandi ya san masu ƙera ta sun yi aiki. Ku ɗauki samfurin da kamfanin ya fitar daga 1991 zuwa 1998, wanda 'yan Nijeriya suka laƙaba wa Beast. Gilashin tagoginta ninki biyu ne, don kada hayaniyar titi ta shigo. Akwai waɗanda ko ƙofa ba ka rufe da kyau ba, ita za ta ja kanta ta ƙarasa. An yi wata doguwa da aka ƙara wa santimita 10, kuma duk ƙarin nan a baya aka sa shi, don mai gida ya miƙe ƙafa. Su kuwa mutanen Japan da suka fito da Lexus LS400 a 1989, a tallarta sai suka jera kofunan gilashi a kan bonet, injin yana gudu, ko ɗaya bai faɗo ba.

To amma ku lura da wanda aka yi wa wannan gata. Mutum ɗaya ne, mai zama a baya ta hannun dama, wato ɓangaren da ke kusa da bakin titi tun da ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama cikin 1972. Shi ke da wurin ɗora hannu, shi ke da labule, shi ke da maɓallin sanyi. An kuma ƙera motar ne da tunanin kwalta mai santsi: nauyinta ya kai tan 2, ga tsawo, tsakanin cikinta da ƙasa kuwa bai kai taƙi guda ba.

Mu a wajenmu gona tana jikin gona, ba fili ko na shanya. Da ka sauka daga titin Kano zuwa Daura, hanyar da ta rage maka ita ce burtali, mai shingen aduwa dama da hagu. Da rani rairayi ne. Da damina kuwa ruwa da tayoyin amalanken shanu su kwakkwafe gefe biyu, su bar tudu a tsakiya kamar kunya.

Wata Sallah da ta faɗo cikin damina, wani ɗan baffana da Allah ya yi wa buɗi a Legas ya zo gida da irin wannan ƙatuwar mota. Da ƙyar ya lallaɓa ya shigo da ita. Ya ce sai kakarmu ta sa mata albarka. Inna ta zo bakin mota ta tuɓe takalmanta.

Ya ce, "Haba Inna, ki shiga da abinki mana."

Ta ce, "A'a ɗan nan, wa ke shiga ɗakin mutane da takalmi?"

Ta zauna, ta shafa fatar kujera, ta yi masa addu'a mai tsawo. Can sai ta ce, "Kashe mini sanyin nan, ƙafafuna ba sa so. Yanzu buhu nawa take ɗauka?" Muka yi ta dariya. Ita kuwa da gaske take tambaya.

Kwana biyu bayan haka, cikin dare, bayan an ɗauke wani ruwa mai ƙarfi, naƙuda ta tsananta ga matar ƙanena. Ungozoma ta ce wannan sai asibiti. Kowa ya yi hamdala, yau ga mota a gida. Aka kwantar da ita a wannan lallausar kujerar baya, kuma ko shakka babu ta fi kowane gado da ke garinmu taushi. Ba mu yi nisa ba cikin motar ya hau tudun tsakiyar burtali ya zauna, tayoyin baya suna ta juyawa a laka. Mu shida muka tura, ko motsi. Har gobe ina jin nishin baiwar Allah nan a cikin motar da aka yi don kada a ji ƙarar komai. A ƙarshe wani maƙwabci ya ɗaura shanunsa, aka shimfiɗa tabarma da bargo a amalanke, aka kai ta bakin kwalta, inda muka tashi wani direban Golf daga barci. Gab da asuba ta haihu a asibiti, bayan ta zubar da jini mai yawa. Allah ya yi da sauran kwananta a gaba. Motar ba ta yi laifin komai ba, an dai kawo ta inda ba don shi aka yi ta ba.

Iyayenmu sun san wani irin jin daɗin mota na daban. Fijo 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Peugeot ta Kaduna da ta fara aiki a 1975, kujerunta na da taushi, tana shanye gargada, ga ta da tsayi daga ƙasa. Ita ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975. But ɗinta na cin buhunan gero, bakaniken gefen titi kuma ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Bayan an kashe Janar Murtala cikin Marsandinsa ranar 13 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Obasanjo ta mayar da manyan jami'ai hawa Fijo. Ke nan akwai lokacin da motar manya da motar da ke kai mai naƙuda asibiti iri ɗaya ce. Yau Golf da babur ne suka gaji wannan aiki a karkara. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, har a birni masu manyan motoci da dama suka koma lissafi kafin su tayar da su.

Abin da ya dame ni shi ne ƙannenmu mata da ke karanta littattafan nan a ƙauye, ko suke sauraronsu a waya. Kullum muna nuna masu cewa mijin ƙwarai daga sanyin motarsa ake gane shi. Alhali a *In Da So Da Ƙauna* na Ado Ahmad Gidan Dabino, Sumayya ƙin mai kuɗin ta yi ta zaɓi Muhammad, kuma hakan bai hana littafin karɓuwa ba.

Don haka ina roƙon marubutanmu da masu shirya fim: ku ci gaba da kawo mana manyan motoci, muna son kallo. Amma idan kun gama bayanin fatar kujera da ƙamshin turare, ku ƙara layi biyu. Ku gaya mana wa Alhajin ke ɗauka a cikinta, ko yana tsayawa idan ya ga tsohuwa da kaya a hanyar kasuwar Dambatta, kuma ko ya taɓa sa baki a gyara hanyar garinsu. A nan yarinya za ta fi gane irin mijin da za ta aura. Allah ya sa mu dace.