Wane Ne "Ana" a Cikin "Ana Yayinsa"?

A wani lungu da ke bayan babbar kasuwar Maraɗi akwai wani dattijo da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ba da hayar kaset. Shagon yana nan har yau, sai dai kantocin da a da suke maƙare da kaset-kaset tun daga ƙasa har rufi, yanzu sabulu da madarar gwangwani ne a kansu. A wata kusurwa ɗansa ya kafa tebur da kwamfuta, yana yi wa mutane turin fina-finai a waya. Dattijon ba ya taɓa kwamfutar. Abin da ya rage masa shi ne zama a kan benci a ƙofar shago, sai kuma wata gardama da suka faro shi da ƙanensa, malamin makaranta, tun zamanin bidiyo mai kaset, wadda har yau babu wanda ya sauka daga kan bakansa.

Ƙanen yana ganin masu shirya fim da masu sayar da shi su ne suke ɗora wa jama'a abin da za su so. "Yaya," yakan ce, "abin da ido ya saba gani shi zuciya take nema. Ku kuka koya wa yaran garin nan rawa da waƙa, sannan kuka dawo kuna cewa su suka tambaya." Dattijon ba ya ɗaga murya. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Malam, ni ban taɓa kama hannun kowa na danƙa masa kaset ba. Da ƙafarsa yake zuwa, da kuɗinsa, ya kuma ambaci sunan abin da yake so."

Harshen da suke gardamar da shi bai raba su ba. Idan abu ya karɓu, Bahaushe yakan ce "ana yayinsa". Kalmar "ana" ba ta bayyana mai aikatawa. Ta tabbatar da cewa aikin yana gudana, ta ɓoye hannun da ke gudanar da shi. Gardamar ƴan'uwan nan biyu duk a kan wannan gurbi take: sunan wa za a sa a ciki?

Hujjar da dattijon ya fi ji da ita ita ce ta fina-finan Indiya, kuma ba hujjar banza ba ce. Gidajen silima na Kano, waɗanda galibi Kwarori ne suka mallake su, ba fim ɗin ƙasa guda suke nunawa ba. Akwai na kaboyi daga Amurka, akwai na kokawar Sinawa, akwai na Indiya. Masu gidajen ƴan kasuwa ne, ba ruwansu da wanda ya yi nasara muddin kujeru sun cika. Amma na Indiya ne suka zauna a zukatan mutane, alhali kuwa masu kallon ba sa jin ko kalma ɗaya ta yaren. Abin da suka gani a majigi sun san shi a gida: budurwar da aka yi wa auren dole, saurayin da talauci ya raba da masoyiyarsa, ɗan da ya kasa musa wa mahaifinsa, da kunyar da ke hana masoya taɓa juna a gaban jama'a. Har sunaye suka raɗa wa jaruman, suka kira Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Masu bandiri a Kano suka ɗauki karin waƙoƙin, suka zubar da kalmomin soyayya, suka ɗora begen Manzon Allah a kai. Dattijon yakan tambayi ƙanensa: wane kamfani ne a Bombai ya zauna ya tsara haka? Babu. Mutane ne suka tsinci abu a kasuwa, suka ga ya yi daidai da su, suka gyara shi yadda suke so.

Hujjarsa ta biyu kantarsa ce. Bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, fina-finan Hausa suka fara kwararowa daga Kano, ya ga abin da malamai ba su gani ba, domin shi ne yake share ƙura. Fina-finan da ake yabo saboda faɗakarwa da tsabtar Hausa sukan yi makonni a wurinsu ba a tambaye su ba. Kaset ɗin marigayi Rabilu Musa Ibro kuwa, irin waɗanda ake kira camama, waɗanda masu ilimi ke yi wa kallon raini, yakan zagaya gidaje har zarensa ya tsinke a ɗaura. A nan dattijon yakan yi murmushi ya tuna wa ƙanensa cewa akwai wani gida da ake aiko yaro bayan lisha ya karɓi na Ibro, wai don yara. Ƙanen yakan canza magana.

Da a nan zancen ya tsaya, da dattijon ya ci gari. Sai dai akwai abin da shi kansa ya sani, ba ya kuma son a taɓo. Kaset-kaset ɗin da mutanen Maraɗi suke zaɓa da bakinsu a cikin kwali suke zuwa, ta hanyar Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, kuma ba shi yake cika kwalin ba. Dillalan Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ne suke yanke shawarar fim ɗin da za su saya su buga. Tun da Sangaya ya fito wajen shekarar 2000, waƙarsa ta cika gari, dillalai suka gane inda riba take, sai mai shirya fim ya zamana yana tunanin waƙoƙin da zai sa kafin ya gama tunanin labarin. Wanda ya kawo fim babu waƙa yana iya komawa da abinsa. Tallan da ake liƙawa a farkon kowane kaset ma gutsattsarin waƙoƙi ne, don haka tun kafin fim ya fito an riga an shuka sha'awarsa. Gaskiya ne ƴan kallo ne suka zaɓi Sangaya. Amma fina-finan da suka biyo bayansa suna kwaikwayonsa, dillalai ne suka zaɓa, mai haya ya jera, ƴan kallo suka ɗauka domin shi ne a gabansu. Rashin tuwo akan ci wake a kwana, kuma wanda ya ga an cinye waken bai isa ya rantse cewa wake aka fi so ba.

Ga kuma hannun hukuma. A 2001 gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace fina-finai, a 2007 kuma aka dakatar da harkar na wasu watanni, aka tsaurara sharuɗɗa, har masu sana'ar da dama suka koma Kaduna da Jos. Mutumin Maraɗi ba ya ƙarƙashin dokar Kano, ba a tambaye shi ba, bai ma san fuskokin masu tacewar ba. Duk da haka abin da almakashinsu ya bari shi yake isowa falonsa. A watannin nan kwalin dattijon ya rame, ya koma ba da tsofaffin kaya, mutane kuma suka ci gaba da karɓa.

Amma inda ƙanen ya fi kama shi shi ne wajen harshe, fagen da malami ya fi mai shago kunne. Ya lura yaran ajinsa, waɗanda iyayensu ke cewa "shina zuwa", sun fara cewa "yana zuwa" idan suna son su burge. "Ɗiyata" tana komawa "ƴata" a bakin wanda bai taɓa taka Kano ba. Babu yaron da ya taɓa shiga shago ya ce a ba shi Kananci na dala 20. Labarin soyayya ya zo nema, karin harshen ya biyo shi gida ba tare da ya sani ba. Dattijon ya daɗe bai sami amsar wannan ba. Daga baya ya ce ai yaran da suka yi Kananci a gaban ƴanmata, idan suka shiga ɗakin uwayensu harshen gida suke komawa, kowa ya san rigar da yake sawa a kowane wuri. Amsar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta rufe ramin duka ba, shi ma ya san haka.

Zamanin kwali ya wuce. Kaset ya ba faifai wuri, faifai ya ba waya. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta shigo da Daɗin Kowa gidaje ta tauraron ɗan'adam, fina-finai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suna zuwa ta YouTube mako-mako. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, shinkafa ta tsaya, fim bai tsaya ba. Dattijon ya ɗauka wannan zai kashe gardamar, tunda yanzu babu dillalin da ke tsaye tsakanin mai kallo da abin kallo. Ɗansa ne ya rage masa murna, da ya nuna masa yadda wayar da kanta take jero wa mutum abin da zai kalla na gaba, tana la'akari da abin da ya kalla jiya da abin da wasu suka fi dannawa. Dattijon ya duba allon da kyau ya ce ashe dillalin bai mutu ba, cikin waya ya ƙaura.

Ranar wata kasuwa da yamma suna zaune su biyu a kan benci, sai wata yarinya ta zo da wayar uwarta a ƙulle cikin gefen hijabi. Ta miƙa wa mai turi, ya tambaye ta wanne za a sa. Ta ce, "An ce ka sa wanda ake yayi." Saurayin bai sake tambaya ba. Ya buɗe kwamfuta ya tura mata abin da ya sauke daren jiya, wanda ya sauke shi ne kawai don mutum uku sun tambaye shi da safe. Ƙanen ya juyo ya dubi yayansa, yayan ma ya dube shi, kowannensu yana jiran ɗan'uwansa ya amsa cewa an kayar da shi. Yarinyar ta ƙirga canjinta ta tafi. Aka kira magariba, dattijon ya jawo buta ya miƙa wa ƙanensa ya fara alwala.