Dutsen da ba a hawa sai da ja-gora

Har yau ina mamakin yaron nan mai siraran ƙafafu da ya yarda ya bar ɗumin gwado da asubahin fari, a tsakiyar hunturu, don kawai ya hau dutse. Ni ne kuwa. Dutsen yana bayan ƙauyen kakannina a ƙasar Shanga, kuma tun kaka da kakanni yana hannun gida ɗaya, gidan maharba. Ba su kewaye shi da shinge ba, amma ba mai sa gatari a cikinsa, ba mai cinna wuta, ba mai ɗana tarko, kuma ba a hawa sai tsohon gidan yana gaba.

Ina ganinsa yanzu, da warkinsa da ya yi baƙi don daɗewa, da burgami a rataye, ƙyastu da ƴar wuƙa a ciki, da faɗe a ƙafa, yana warin hayaƙi da taba gari da man kaɗanya. Mu yaran kuma gorar ruwa da ƙuli-ƙuli ƙulle a bakin riga. Kafin mu taka dutsen ya juyo ya ce, "Samari, inda na sa ƙafa nan za ku sa. Abin da ya faɗo naku ne, abin da ke bisa ba naku ba ne." Bai ƙara ba.

Hawan bai zo da sauƙi ba. Mun ratsa ƙarƙashin marke da kirya da maɗaci, busasshen ganye yana ƙaras-ƙaras, makwarwa tana tashi fir daga gindin ciyawa har gabanka ya faɗi, sannan muka iso falalen da ba a wuce shi a tsaye, sai da rarrafe, tafin hannu yana zafi, gwiwa tana rawa, numfashi yana fita kamar na zugazugin maƙeri, gogon biri yana haushi daga can wani kogo. Tsohon ko haki ba ya yi.

Idan ya ga mun jigata, ba ya cewa a huta. Sai ya tsaya ya nuna mana kashin rema a bakin rami, ko sawun gada a ƴar ƙasar da ta taru tsakanin duwatsu, ko taurar da ta faɗo, ya ce mu tsotsa. Zaƙin garinta mai ɗan bauri yana nan a harshena. Sai da na girma na gane hutun ke nan yake ba mu, ba tare da ya kunyata kowa ba.

Da hantsi ya dubi ludayi muka kai ƙololuwa. Ga Kwara can tana sheƙi, ta buɗe ta nufi Yelwa, jiragen masunta ƙanana-ƙanana a kanta. Tsohon ya miƙa sanda kudu yana kiran sunayen gungunan da ya sani da ƙuruciya, inda Gungawa ke noman albasa kafin ruwan Kainji ya shanye su a 1968. Can tsallake, wajen Borgu, gwamnati na da gandun daji da ma'aikata masu kaki da bindiga. Shi magana kawai gare shi, kuma ana jin ta.

Yanzu idan na bi hanyar Koko zuwa Yauri na ga buhunan gawayi jere a bakin titi, sai in ce wa kaina: ashe abin da kake ganin tsaurin tsoho ne, riƙon amana ne. Allah ya jiƙansa da rahama. Daji ba ya tsare kansa, sai an sami gidan da ya ɗauke shi amana, da mutanen gari masu jin maganar gidan.