Daga Alela zuwa Ƙwanni da gambun tsohuwar mota

Alela tana yamma da Birnin Ƙwanni, cikin jihar Tawa. Ƙasa ce ta manoman hatsi da wake, da makiyaya. Ranar Laraba, ranar kasuwar Ƙwanni, tun da asuba motoci ke ɗaukar mutane da kaya. Wata Laraba cikin bazara an aza wani baƙon kaya bisa buhunan wake: gambun mota guda, naɗe cikin tabarma.

Mai shi dattijo ne, tsohon malamin lakkol. Motar tasa Volkswagen ce, mai doro kamar kunkuru, wadda ake ce ma Boswaja. An soma haɗa irinta a Ikko a 1975, kuma da yawa sun shigo Nijar ta Sakkwato da Illela. Jama'a a lura, Illela biyu ce: akwai ta Najeriya, dab da Ƙwanni ta kudu, akwai tamu ta arewa, wajen Tawa. Ta ƙarshe cikin irin wannan mota an ƙera ta a ƙasar Meziko a 2003. Saboda haka abin da ya fashe a jikinta, samun wani sai an sha wuya.

Ƙwanni gari ne na direbobi. Babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi ta ratsa shi, a Tsarnawa kuma hanyar Tawa ta rabu. Ga motocin siminti daga Malbaza, ga na albasa daga Galmi. Inda mota ta yi yawa, garaji ba ya kaɗan. A bakin makanikan garin ana jin turnabis, ana jin sukudireba, duk abu guda ne: iyaka ta haɗa Faransanci da Ingilishi cikin akwatin aiki ɗaya.

Ciwon gambun yana ga ƙaramar tagar nan mai kusurwa uku da ke gaban babban gilashi. Yaran yanzu ba su san ta ba, don yawancin sababbin motoci ba su da ita. Ita ce fankar mutanen da. In aka juya ta, sai ta kamo iska ta watso ma direba a fuska. Ta dattijon ta ƙafe, robarta ta bushe da rana, ruwan damina yana bi ta nan yana cin gambun daga ciki.

Maigidan garajin bai bar yaransa su taɓa ba. Ya shimfiɗa buhu, ya kwantar da gambun. Ya cire hannun ɗaga gilashi da na buɗewa, ya ɓamɓare marufin ciki, ya sauke babban gilashi ya jingine shi nesa da ƙafar mutane. Daga nan ya zare robar da gilashin ke bi. Ƙarƙashinta, can sama, akwai wata ƴar kusa a ɓoye, wata kuma tana ƙasa cikin gambun. Wanda bai san da ta saman ba zai yi ta ja har ƙarfen tagar ya lanƙwashe. Ta ƙasan ta yi tsatsa. Ya ɗiga mata mai, ya tafi sallar azahar, ya dawo, sannan ta yarda.

Wani yaro ya miƙo guduma. Maigida ya harare shi. Gilashin nan gasasshe ne: ba ya tsagewa kamar na ɗaki, in ya fashe sai ya zube kamar tsakuwa, kuma ba a yanka shi a rage. Dattijo dai yana zaune bisa tsohuwar taya, ko ruwan da aka kawo mashi bai sha ba.

Da aka karkato tagar baya, ta fito lafiya. A gindin gambun aka tarar da ƙura ta toshe ƙananan ramukan da ruwa ke fita, shi ya sa tsatsa ta ci wurin. An kankare, mai walda ya yi faci. Roba ce ba a samu ba duk faɗin Ƙwanni. An ba wani direban Sakkwato tsohuwar ya tafi da ita samfur.

Kusoshin, maigida ya zuba su cikin gwangwanin tumatir, ya ɗaure bakinsa da tsumma, ya rataye. Dattijo ya naɗe gilashinsa cikin rawani, ya ce shi ba ya kwana garaji. Da la'asar ya shiga motar Alela, yana rungume da shi bisa cinya, sai Laraba mai zuwa.