Lissafi Mai Harafi Ba Baƙo Ba Ne A Zango

'Yan'uwa mazauna zango, daga Nima har zuwa Kumasi da Tamale, mu da ke da yara a sakandare mun san darasin da ke hana su barci, wato aljabara, lissafin da ake haɗa lamba da harafi. Abin ba na wasa ba ne, domin jami'o'in Gana suna neman aƙalla C6 a lissafi a jarrabawar WASSCE kafin su ɗauki ɗalibi.

To, mu da muka tashi a kasuwa muna ganin cewa akwai taimakon da za mu iya yi. Ku duba wannan. Idan aka raba sidi 156 ga mutum 12, kowa zai samu 13, babu ragowa. Wannan ko mai sayar da goro ya san shi. A makaranta kuwa sai a ce wa yaro ya raba x² + 5x + 6 da x + 2, amsa ta fito x + 3. Yanzu ku sa 10 a madadin x. Na farko ya zama 100 da 50 da 6, wato 156. Na biyu ya zama 12, amsar kuma 13. Ashe rabon nan dai ne da muka sani, riga kawai ya sake.

Haka ma idan aka ce ya nemo abubuwan da aka ninka suka ba da x² + 5x + 6. Lambobi biyu ake nema, waɗanda in an tara su za a samu 5, in an ninka su a samu 6. Su ne 2 da 3. Yaron da bai haddace jadawalin sau ba, a nan yake tsayawa, sai ya ce harafi ne ya kayar da shi.

Shi kansa sunan aljabara daga littafin Alhawarizmi ya fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma babban sashe na littafin a kan wasiyya da rabon gado yake. Malamanmu da ke raba gado da sudusi da sumuni ba su yi nisa da wannan ilmi ba.

Saboda haka muna kira ga iyaye. Tun yaro yana firamare a riƙa tambayarsa bakwai sau takwas, a sa shi lissafin canji a shago. Na sakandare kuma, in ya gama rabawa, a ce ya sa 10 ya gwada mu gani. In bai yi daidai ba, ya sake. Da ma an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba yaranmu sa'a, amin.