Haruffa Biyu a Jikin Mabusar Kakana

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ni kuwa na gano cewa son zuciya ya fi rashin sani duhu.

Ni Bayarabe ne, ɗan Abeokuta, a jami'a na koyi Hausa. Da kakana ya rasu, sai muka tarar da kilarinet ɗinsa a cikin akwati. Kilarinet mabusar Turawa ce ta baƙin katako, mai kama da algaita, amma gaɓa-gaɓa ake harhaɗa ta. Kakan nawa ya daɗe yana busa ta a ƙungiyar 'yan badujala ta unguwarmu. A jikinta akwai sunan kamfanin Hawkes & Son na Landan, da lamba, sannan kusa da lambar an buga haruffa biyu: H.P.

Ina ganin haruffan nan sai zuciyata ta yi tsalle. Na karanta cewa a 1863 wani Bature mai suna Glover ya kafa runduna a Legas wadda ake kira Hausawan Glover. Nan take na yanke hukunci: H ɗin Hausa ce, P kuwa harafin farko ne na sunan 'yan sanda da Turanci. Na baza labari a aji da gida cewa mun gaji kayan tarihi. Har na yi wa kakata alƙawari za a busa ta ranar cikar kakana shekara da rasuwa.

Sai na kai ta gyara wurin wani dattijo a Legas. Ya sa tabarau, ya juya ta, ya yi murmushi.

"Ɗana, wa ya ba ka wannan fassarar?"

"Ni na gano, Baba."

Ya ce to in zauna. Ashe H.P. gajarta kalmomin Turanci biyu ne masu nufin "sautin sama". A da, 'yan badujalar sojan Ingila suna daidaita kayan busarsu a kan sauti mai kaɗawa kusan sau 452 a daƙiƙa. A 1929 rundunar ta sauko zuwa sautin ƙasa, sannan a 1939 wani taro a Landan ya tsayar da 440 a matsayin ma'auni. A zamanin da ma'aunan biyu ke tafiya tare, masu ƙira kan buga H.P. ko L.P. don kada mai saye ya ruɗe. Sunan kamfanin ma shaida ne, domin a 1930 ya haɗe da kamfanin Boosey, suka zama Boosey & Hawkes. Ke nan mabusar ta girmi kakana.

Na tambaye shi ko za a iya sauko da sautin. Ya girgiza kai. Ya ce tazarar ramukan da tsawon katakon duk a kan tsohon ma'auni aka yanka su. In aka busa ta tare da kayan yau, za ta riƙa yin karo da su.

Daga nan ya nuna mini abin da ɗoki ya hana ni gani. Lambar gaɓar sama daban, ta gaɓar ƙasa daban, alhali a kamfani lamba ɗaya ake buga musu. Wato daga mabusa biyu aka haɗa wannan.

Na koma gida jiki a sanyaye, na gaya wa kakata. Maimakon ta ɓata rai, sai ta yi dariya. Ta ce ai ta sani. Mabusar ta taɓa tsagewa, ba su da kuɗin sabuwa, kakana ya yi wata da watanni yana neman rabin da zai dace. Ban taɓa tambayarta ba, shi ya sa ba ta faɗa ba.

Ranar taron, wani abokin kakana ya busa ta ita kaɗai, ba tare da rakiyar kowa ba. Kakata ta share hawaye.

Washegari na tsaya a gaban aji na janye maganata. Da kunya, amma ta fi sauƙi a kan in rubuta ƙarya a kundin digirina. 'Yan'uwana ɗalibai, mu da aikinmu shi ne fassara, mu riƙa tambaya kafin mu yanke hukunci. Matambayi ba ya ɓata.