Kwana Ɗaya a Dajin Falgore

A farkon damina, cikin watan Mayu, wani ɗalibi ya shiga Dajin Falgore, wanda ke kudancin Jihar Kano a kan hanyar Jos, domin tattara sunayen itatuwa da amfaninsu daga bakin masana daji. Abokin tafiyarsa wani tsohon maharbi ne da ya yarda ya yi masa ja-gora.

Da la'asar sakaliya suka iso bakin wani rafi. Wurin ya yi wa ɗalibin daɗi ƙwarai: ga rairayi mai laushi, ga ruwa kusa, ga kuma wani ƙaton maɗaci da ya lulluɓe gaɓar da inuwa. Nan da nan ya sauke kaya, ya fara kafa tanti a gindinsa.

Tsohon ya dubi gabas, ya dubi rassan maɗacin, sa'an nan ya ce, "Ɗana, kwashe kayan nan. Ba a kwana a nan."

"Haba Baba, ina wurin da ya fi wannan?"

"Inuwar da ta cece ka da rana ita za ta ci ka da dare."

Ba da son ransa ba ɗalibin ya tuge turakun tantin. A zuciyarsa ya ɗauki maganar camfi ce irin ta maharba. Suka koma can sama da gaɓa, cikin gajerun geza da kalgo, nesa da dogayen itatuwa, amma ba a ƙoƙuwar tudu ba.

Bayan sallar isha'i sai iska ta ɗauke, gari ya yi tsit. Can hadari ya taso daga gabas, kuma kamar yadda ya saba a farkon damina, iska mai ƙarfi ta riga ruwa isowa. Dajin ya ɗauki ruri, ba a jin kome sai ƙarar karyewar rassa. Ɗalibin ya tuna cewa ƙara tana cin kilomita 1 cikin kimanin daƙiƙa 3, sai ya shiga ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa. Ya ƙirga 12, ya ƙirga 6, daga nan haske da ƙara suka zo tare, bakinsa ya koma salati.

Da gari ya waye suka gangara. Wani busasshen reshe mai kaurin turmi ya faɗo daidai kan ramukan turakun jiya. Rairayin kuwa jan ruwa ya shanye rabinsa, ya tafi da butar da ya manta.

A nan ne ya gane cewa haɗari uku tsohon ya hango. Na farko, iska takan kakkaɓo matattun rassa. Na biyu, aradu ta fi faɗa wa dogon itace, kuma wutarta takan tsallaka daga jikinsa ko ta bi ƙasa ta sami na kusa, tanti kuwa ba ya tare ta. Na uku, ruwan da aka yi a can saman rafi yakan kawo ambaliya ko da ɗigo bai sauka a nan ba. Gaskiyar Bahaushe, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Tsohon bai goranta masa ba. Shi kuwa ɗalibin ya buɗe littafinsa, inda ya rubuta cewa ana jiƙa sassaƙen maɗaci don ciwon ciki, ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: "Ba a kwana gindinsa da damina."